Kafa Sola a Gonar Kurmi: Lissafin da Ɗan Ci-rani Ya Kamata Ya Yi Kafin Ya Fitar da Kuɗi

Tun zamanin da fatake ke share watanni a hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu su dawo da goro, Bahaushe ya san kurmin Asante. Kasuwar Salaga ta daɗe da ja baya, amma zirga-zirgar ba ta tsaya ba. Zangon Kumasi na nan, a bayansa kuma, can cikin daji wajen Goaso da Sefwi Wiawso har zuwa iyakar Kwaddibuwa, akwai ɗimbin bukkokin gona inda baƙi daga arewacin Gana da Burkina Faso da Togo da Nijar ke kula da gonakin kokon wasu. Gana da Kwaddibuwa su biyu ke noma wajen rabin kokon duniya, kuma gumin baƙo yana da babban rabo a ciki. Tambayar da nake so mu tattauna ta shafi irin wannan mutum ne: yana aiki a gonar da ba tasa ba, a ƙasar da ba tasa ba, babu turken wuta ko ɗaya a kusa, sai ya yanke shawarar kafa sola. Me zai tarar, kuma ina kuɗinsa suka fi saurin salwanta?

Wani zai ce ai Gana ba ta cikin ƙasashen da ke kukan rashin lantarki. Haka ne, fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'arta suna da wuta, ƙasashe kaɗan ne a Afirka ta Yamma suka kamo ƙafarta. Tun 1989 gwamnati ta ƙaddamar da shirin kai wuta karkara, har da wani tsari na taimakon kai da kai: ƙauyen da bai wuce kilomita 20 daga babban layi ba, idan mutanensa suka sayi turakun cikin gari kuma aka ja waya a wani kaso na gidajensu, sai a haɗa su. Tsarin ya amfani ƙauyuka. Amma bukkar gona ba ƙauye ba ce. Ɗaki biyu ne ko uku na jar ƙasa da rufin kwano a tsakiyar itatuwan koko, nesa da titi. Babu kamfanin da zai dasa jerin turaku saboda gida ɗaya. Mazaunin wurin ko dai ya ci gaba da tocila yana aika wayarsa gari a yi masa caji da kuɗi, ko ya sayi ƙaramin janareta ya riƙa jigilar fetur a galan bayan babur, ko ya juya ga rana.

Kayan ranar kuwa sun yi sauƙi. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun ƙasar Sin, wadda ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙera shi. Shi ya sa da an ce sola, tambayar farko ita ce, wat nawa ka saya? A ganina daga nan ake fara ɓacewa. A gonar kurmi faifai shi ne ƙaramar magana. Manyan maganganun su ne gajimare, inuwa, batir, da kuma wanda zai mallaki kayan ranar da aka rabu.

Mu fara da rana. Wanda ya tashi a Katsina ko Maraɗi ko Tawa ya saba da rana mai yalwa har ya daina sa ta a lissafi. Masu auna hasken rana suna tara duk hasken yini su mayar da shi awannin cikakkiyar rana, wato rana mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. A arewacin Nijeriya da Nijar ana samun wajen awa 6 a matsakaici, Agadas ma ta ɗara haka. A Kumasi da yammacinta matsakaicin bai cika kai 5 ba, a Yuli da Agusta kuwa yakan sauko ƙasa da 4. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne Agusta a kudancin Gana ba watan ruwa mai yawa ba ne. Damina biyu suke yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, a tsakaninsu ruwa ya ɗan tsagaita. Amma gajimare ba ya tafiya. Sai a wuni gari a lumshe, ba ruwa ba rana, kwana da kwanaki. A irin wannan yini faifai yakan ba da kwatan abin da aka rubuta a bayansa, wani lokaci ma bai kai ba.

Ko a ranar da sama ta washe, lambar da ke bayan faifan ba ita za a gani ba. An auna ta ne faifai yana da zafin digiri 25. A kan rufin kwano da tsakar rana jikinsa yakan kai digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana zabge kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Faifan wat 200 da ya ba da 170 bai yi ha'inci ba. Don haka ake barin rata kamar faɗin tafin hannu tsakanin faifai da kwano, iska ta riƙa ratsawa.

Akwai wani abu a nan da ban ga ana yawan faɗa ba, shi ne yadda lokacin kuɗi da lokacin rana suke haɗuwa su yaudari mai saye. Babbar kakar koko tana kankama ne daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara, a nan ne ma'aikacin gona ke riƙe kuɗi. Sai ya shiga Kumasi a Nuwamba ko Disamba ya sayo kaya, ya kafa, wuta ta kama. Daga nan har Afrilu rana na da kyau, in ban da ƙurar hunturu da ke rage ta kaɗan. Wata biyar ko shida komai na tafiya daidai, har ya ƙara fanka, maƙwabta suna kawo wayoyinsu caji. Yuni na shiga wuta ta fara ɗaukewa da ƙarfe tara na dare, a Agusta ta koma ƙarfe bakwai da rabi. Lokacin kuwa shi ne tsakiyar fatara, kuɗin kaka sun ƙare, sabuwa ba ta zo ba. Kayan ba su lalace da kansu ba. An yi lissafinsu da ranar Fabrairu ne aka ce su yi aikin Agusta.

Lissafin da ya dace ba shi da wuya, takarda da biro sun isa, kuma daga cikin ɗaki yake farawa, ba daga shago ba. A rubuta duk abin da za a kunna, a ninka wat ɗinsa da awannin da zai yi yana aiki. Mu ɗauki misali: ƙwan fitila 4 masu wat 5, awa 5 kowane dare, wat-awa 100 ke nan. Wayoyin hannu 6, kowace wajen 15, sun ci 90. Fanka mai aiki kai tsaye da batir, wat 20 na awa 8, ta ci 160. Ƙaramar talabijin mai wat 30 na awa 3, ta ci 90. Batirin injin feshi na goyo, kusan 100. Jimla wat-awa 540 a yini. Tsakanin zafi da ƙura da tsawon waya da abin da batir ke riƙewa, kusan kashi 30 cikin 100 na zubewa a hanya, don haka dole faifai ya samar da wajen 770. A Kano sai a raba 770 da awa 6, a ga faifan wat 130 ya wadatar. A Sefwi sai a raba da awa 3 da rabi na watan da ya fi duhu, a ga ana buƙatar wat 220. Gida iri ɗaya, kaya iri ɗaya, amma faifai ya kusa ninkawa. Tunda faifai ne mai araha, shawarata ita ce a wuce lissafin, a sayi 250 ko 300. Ƙarin faifai shi ne kariya mafi sauƙi ga batir.

Firiji kuwa magana ce daban. Ƙaramin firiji na gida a wuri mai zafi yakan sha wajen wat-awa 1,000 a yini, wato shi kaɗai ya mayar da lissafinmu kusan ninki uku. Wanda zai sayar da ruwan sanyi ga ma'aikata, ko yake da maganin da dole sai an adana shi a sanyi, yana da dalili, amma ya sani tun farko cewa wani babban tsari yake ginawa. Dutsen guga da butar dafa ruwa da hita, duk abin da ke mayar da lantarki zafi, a bar su ga gawayi da itace.

Batir ne ya kamata a daɗe a kansa, don shi ne ya fi tsada kuma shi ne ke fara mutuwa. In faifai gona ne, batir rumbu ne, kuma rumbun da ake kwashewa har ƙasa kullum ba a cika shi ba, ba ya kai mutum ko'ina. A kurmi ya kamata batir ya iya riƙe gida kwana biyu ba rana, wato wat-awa 1,080 a misalinmu. Batirin dalma, irin wanda aka saba da shi, rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan ana buƙatar mai ɗaukar 2,160, wanda a bolt 12 ya kama amfiya-awa 180, sai a sayi na 200. Abubuwa biyu ke kashe shi. Na farko zafi: masu ƙera shi sun auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar biyu, ɗakin kwano kuwa a rufe yana wuce 35 cikin sauƙi. Na biyu zama da yunwa: idan ya yi kwanaki bai cika ba, wani gishiri yana daskarewa a jikin farantansa, kuma in ya yi tauri ba ya komawa. Abin da Yuli da Agusta ke yi masa ke nan. Batirin mota kuwa kada ma a fara. An yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙu kaɗan ya tada inji, ba don a tsotse shi duk dare ba, a 'yan watanni yake gamawa.

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya canza wannan lissafi. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, zama ba a cike ba ba ya cutar da shi, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na dalma yake ƙirga ɗaruruwa. Mai amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,280, ya yi aikin da na dalma mai 200 zai yi. Ga kuma nauyi: na dalmar yana kusan kilo 60, na litiyam wajen kilo 12. Ga wanda zai ratsa hanyar gona mai santsi a kan babur, kuma wata rana zai tattara ya koma gida, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, amma wanda ya sayi na dalma sau biyu ko uku ya riga ya biya shi. Sai dai mai tafiya ƙasa mai nisa ta jirgin sama ya sani ba a barin fasinja ya shiga da batirin litiyam da ya wuce wat-awa 160, don haka can inda zai yi aiki zai saya.

Kasuwa kuma cike take da jabu, kuma baƙon da ba ya jin Turanci ko Tiwi sosai shi ake fara miƙa wa. Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar na'ura. Faifan zamani yana ba da wajen wat 200 a kowace murabba'in mita, don haka ɗan faifan da bai kai rabin mita ba aka manna masa takardar wat 300, ƙarya ce, a auna shi da tef a gani. Batirin dalma kuma nauyinsa ne shaidarsa, wanda aka rubuta 200 a jikinsa amma mutum ya ɗaga shi da hannu ɗaya babu dalmar da aka ce a cikinsa. Ga ƙananan kayan da ke zuwa a haɗe cikin kwali, akwai tsarin tantance inganci na VeraSol, wanda ya samo asali daga shirin Lighting Global na Bankin Duniya, a tambaya ko kayan na cikin waɗanda aka tantance. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kaya da wa'adin garanti. Araha ba ta ado, balle a wurin da komawa shago tafiyar yini guda ce.

Sai maganar inda za a kafa, kuma a nan gonar koko ta bambanta da gonar gero. Koko itace ne mai son inuwa, ana barin manyan itatuwa a kansa, a shuka ayaba a gefe tun yana ƙarami. Inuwar da ke raya koko ita ce ke kashe sola. Ƙwayoyin da ke cikin faifai a jere suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, yawancin faifai kuma an kasa su sashe uku. Ganyen ayaba guda da ya rufe ƙwaya ɗaya yana iya ɗauke sashe guda cur, wato kashi ɗaya cikin uku na faifan. Kada kuma ma'aikaci ya yi gaggawar ɗaukar gatari. Itacen ba nasa ba ne, sau da yawa ma ba na mai gonar ba ne, don a dokar Gana itatuwan katako da suka tsiro da kansu ikonsu na hannun gwamnati. Sare ɗaya ba izini na iya jawo wa baƙo abin da ya fi rashin wuta. Mafita tana nan a gaban bukka: kowace gonar koko tana da filin shanya, inda ake baza ƙwayar a kan tabarmi bisa dakali bayan an rufe ta da ganyen ayaba ta yi kwanakinta. Manoma sun zaɓi wurin tun tuni don shi ya fi samun rana. Gefen wannan fili, a kan turken ƙarfe, ya fi rufin da ke ƙarƙashin itace. Kafin a haƙa rami, a tsaya a wurin da ƙarfe 9 na safe, da tsakar rana, da ƙarfe 3 na yamma, a ga inda inuwa ke faɗawa.

Alkibla ba ta da damuwa sosai a nan. Kumasi tana ƙasa da digiri 7 arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kusan bisa kai take wucewa, daga Afrilu zuwa farkon Satumba ma ta ɗan karkata arewa. A fuskantar da faifai kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, ba don rana kaɗai ba, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Wanda aka shimfiɗa a kwance ruwa na kwanta masa, gansakuka ta fito, kashin tsuntsu ya manne.

Amma fa nisanta faifai daga ɗaki yana da farashi, kuma a waya ake biyansa. A bolt 12, wat 120 amfiya 10 ne. In aka ja siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tsawon mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, kusan bolt 1.4 zai ɓace a hanya, fiye da kashi 10 cikin 100. Da waya mai murabba'in milimita 6 asarar ba ta kai rabin haka ba. A kula da wayar da aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama, a kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ajiye ta. Tsakanin faifai da batir akwai kwantirola mai daidaita caji. Nau'in PWM ya fi araha kuma ya isa ga ƙaramin tsari, nau'in MPPT ya fi tsada amma yana ba da damar jera faifai biyu ƙarfin bolt ya hau, asarar doguwar waya ta ragu, kuma ya fi tatso abin kirki a ranar gajimare. A kurmi ni MPPT zan zaɓa. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faifai, wajen kwancewa kuma faifai ake fara cirewa. Dole a sa fis dab da batir, don batir na iya turo ɗaruruwan amfiya in wayoyi suka haɗu, ya narkar da roba ya kama katakon rufi.

Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gari mai bolt 230, shi ne abin da kowa ke marmari, kuma shi ne ɓarawon da ba a gani. Mai wat 1,000 ko 1,500 yana iya shan wat 10 zuwa 25 alhali ba a kunna komai ba. A ninka da awa 24, ya kama wat-awa 240 zuwa 600, wato yana iya cin abin da gidan gaba ɗaya ke ci. Ƙwan fitila da fanka da talabijin da caja duk akwai masu aiki kai tsaye da bolt 12. Wanda ya iya zama ba inbata ya huta, wanda dole sai da shi ya kashe shi da zarar ya gama. Kuma da an shigo da bolt 230 an shigo da wutar da ke kisa. Hukumar Makamashi ta Gana tana ba masu haɗa waya shaidar ƙwarewa a ƙarƙashin ƙa'idojin 2011, wannan ɓangaren a bar wa mai shaidar.

Abin da ya rage na gyara, kurmi ne da halinsa. Danshi yana sa tsatsa a duk inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da tef, sai a yi amfani da mahaɗa na gaske a shafa man giris a kan batir. Gara na cin turken katako, ɓera na cin rigar waya, don haka a zura ta cikin bututu. Kiyashi da tsaka suna son ɗumin kwantirola, zanzaro na gina gida a ramukan iskarta, ragar sauro ta ƙarfe a jikin akwati tana maganinsu. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Tsawa kuma tana da yawa a farkon damina: a binne sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima, a ɗaure ta da firam ɗin faifai, in hadari ya taso da ƙarfi a cire wayar faifai daga kwantirola.

Akwai aiki ɗaya da sola ke yi a gona ba tare da batir ba, kuma shi ne ya fi mayar da kuɗinsa: jan ruwa. Famfo mai haɗuwa kai tsaye da faifai yana aiki in rana ta fito, ya tura ruwa tankin da aka ɗora a sama, da yamma ruwan ya sauko da kansa. Lokacin da wurin renon dashen koko da lambun kayan miya suka fi ƙishirwa, Disamba zuwa Maris, shi ne lokacin da rana ba ta rowa. Ajiyar ruwa a tanki ta fi ajiyar wuta a batir araha nesa ba kusa ba. Kada dai a jona famfon gari a inbata ba lissafi, don yayin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na ƙarfin da aka rubuta masa.

Yanzu ga maganar da babu mai shagon da zai yi maka ita, ɗan'uwa. Kayan nan na wa ne? Yawancin baƙi a gonakin kokon Gana suna aiki ne a tsarin abusa, inda mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin amfani, ko abunu, inda wanda ya share daji ya dasa sabuwar gona ke raba ta biyu da mai ƙasa in ta girma. Sau da yawa yarjejeniyar ta baka ce. Mai gona na iya rasuwa magada su zo da nasu mutum, ana iya saɓani a kan awo, ko ciwon mahaifi ya kira mutum gida ba shiri. Abin da aka kafe da ƙusa a rufin wani, ranar rabuwa yana da wuya a ce ba na gidan ba ne. Dattawan zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, mutane suka bar abin da ba za su iya ɗauka ba. Ba ina cewa za a maimaita ba ne. Ina cewa baƙo ya san matsayinsa kafin ya binne kuɗin kakarsa a ginin wani.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce mai gona ya sayi abin da zai zauna, wato turke da wayoyin cikin ɗaki da famfo, tunda darajar gonarsa suke ƙarawa kuma su ne za su riƙe masa ma'aikaci na gaba. Ma'aikaci kuma ya sayi abin da ke tafiya: batir da kwantirola a akwati guda mai mariƙi, faifai a ɗaure da noti ba walda ba. In an haɗa kuɗi ne, a rubuta wa ya ba da nawa, da abin da za a biya wanda zai tafi, a gaban sarkin zango ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A yi wannan magana tun ana dariya, ta fi sauƙi.

Akwai kuma kamfanonin biya kaɗan-kaɗan, tsarin da M-KOPA ta shahara da shi a Kenya, kuma PEG Africa ta yaɗa a Gana kafin Bboxx ta saye ta a 2022. Ana ba da ɗan kafin alƙalami, a riƙa biyan sauran ta kuɗin waya, in an daina biya na'urar ta kulle kanta. Amfaninsa shi ne garanti da kayan da aka gwada. Illarsa ga ma'aikacin koko ita ce biyan na bin mako ko wata, kuɗinsa kuwa na bin kaka, sai kullewar ta faɗo a watannin da aljihu ya bushe. Jimlar abin da za a biya ta fi farashin hannu da hannu, kuma kafin a sa hannu ya kamata a tambaya ko za a iya ƙetare iyaka da kayan.

Ba mutanenmu kaɗai wannan ya shafa ba. Matasan Turai da Amurka da ke zuwa aikin sa kai a gonakin ƙasashe masu zafi irin su Kosta Rika, ta shirye-shirye kamar WWOOF da aka fara a Ingila a 1971, su ma sukan kafa sola a inda suka sauka, da kyakkyawar niyya, su yi 'yan watanni su tafi. Haɗarin iri ɗaya ne: wanda ya san yadda aka haɗa wayoyin ya hau jirgi, ranar da fis ya ƙone babu wanda ya san inda yake. Duk wanda ya kafa tsarin da zai bari a baya, wajibinsa ne ya zana taswirar wayoyin ya manna a murfin akwati, ya bar fis na ajiya, ya koya wa mutum ɗaya da ke zaune a wurin yadda ake karanta kwantirola, kuma ya yi amfani da kayan da ake samu a kasuwa mafi kusa.

Saura batirin da ya mutu, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Fiye da rabin nauyin batirin dalma dalma ce, a cikin sauran kuma akwai ruwan asid. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara take fara kamawa, ta taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta warkewa. A bukkar gona yara na wasa a ƙasa, rafin da ake sha na kusa, koko na shanye a fili. Don Allah, in batir ya gama aiki kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa don ya yi sauƙin ɗauka, kada a narka dalmarsa a murhun da ake girki. A ɗaure shi a tsaye, a mayar da shi cikakke ga dilan da ke karɓar tsoho ya ba da sabo, kuma a tambayi dilan tun ranar saye ko zai karɓa.